Minti Biyun Baba a Majalisa

Tilden Creek, 4 ga Maris

'Yata Corinne,

Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Chicago? Ki yi haƙuri da takarda, na rantse ba zan ƙara taɓa shafin sada zumuntan nan ba tun da suka goge hoton marigayiya mahaifiyarki da barewar da ta harbo a kakar farautarta ta ƙarshe. Wai zubar da jini. Matar da ta yi shekara talatin tana wanke kofunan coci!

Jiya na je majalisar jiha. Kowa minti biyu ake ba shi. Na ɗaga hoton, wata 'yar majalisa har da share hawaye. Za su yi doka: kamfanin da ya toshe bakin mutane, ba kwangila, ba sassaucin haraji. Na yi wa ɗakinki fenti, Yuni kawai nake jira ki dawo gida.

Mahaifinki,
Orval

Chicago, 11 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka. Ya gwiwar?

Baba, wa kake tsammani yake gina rumbun kwamfutocin nan a bayan gonar su Halvorsen? Kamfanin da ya goge hoton ne. Su suka ɗauke ni aikin da zai dawo da ni gida. Sassaucin harajin ne ya kawo su garinmu, ba son masararmu ba. Kuma ba mutum ne ya goge Mama ba, na'ura ce, ko sunanta ba ta sani ba. Na riga na ajiye aikina na nan. Ban ce ka yi laifi ba, amma tsoro nake ji.

Ka riƙa shan maganinka.
Corinne

Tilden Creek, 20 ga Afrilu

Corinne,

Ina fata kina lafiya. Dokar ta wuce. Na koma majalisar don in janye maganata, wata mata a bakin ƙofa ta ce, "Kai ne mai barewa? Ai an rufe jin ra'ayi, Baba, amma ka taimaka ƙwarai." Na buga wa kamfanin, kiɗa suka sa mini har shayina ya huce.

Ranar Litinin aka kwashe motocin gini. A shagon Dottie yanzu rabin mutane na tafa mini, rabi sun daina gaishe ni, su duka kuma fuskata suke gani a tallan zaɓe. Ba wanda ya nemi izinina. Ni hoton uwarki kawai na je nema. Kunya ta ishe ni, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Ki gafarce ni.
Babanki

Chicago, 2 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa. Sun mayar da aikin wata jiha, tafiyar kwana biyu a mota daga gida. Na karɓa, ba ni da zaɓi.

Na duba shafinka yau. Sun dawo da hoton Mama tun 6 ga Maris, har da ban haƙuri. Ba ka buɗe ba ne.

Wane launi ka yi wa ɗakin?

Taka,
Corinne