Turbo Biyu Saboda Hawan Daji

Talata, bayan isha'i.

Yau ma ayarin motoci ya bar ni a baya. Ina janye da tirelar masara daga Tabanni, a-kori-kurata ta kama rarrafe a hawan daji, sai baƙin hayaƙi. Ni kaɗai na rage a dajin da ake tare mutane, bakina sai salati.

Da na iso gari, Malam Sani bakanike ya ce, "Alhaji, haɗa mata turbo biyu, su ƙara wa injin ƙarfi. Ƙaramin ya tashe ta, babban ya ɗauke ta a hawa."

Na ce ya sa. Matata Hajara ta ce son gudu ne ya motsa wa mijinta. Ban gaya mata komai ba, kada ta kasa barci. Ni ba gudu nake nema ba. So nake in na taka motar a dajin nan, ta amsa.