Furen Amarya Ya Tsaya da Ƙafarsa

Mama,

Ina gaishe ki daga birnin Haarlem. Ya ƙafar Baba? Ya 'yar'uwata Halinka da jaririnta?

Lafiyata ƙalau. Ruwan sanyi da ƙaya sun ɗan tsattsaga mini hannu, amma da sauƙi.

Albishirinki. Bayan shekara biyu ina wankin bokiti a shagon fure, jiya uwar ɗakina Marijke ta ba ni aikin ɗaurin furen amarya. Ta ce, "Danuta, ɗauri mai kyau da kansa yake tsayuwa a tebur. In naki ya faɗi, bokiti na jiranki."

Na jera karan a karkace, na ɗaure, na datse gindin, na saki. Mama, ya tsaya ƙyam. Don mugunta har girgiza teburin ta yi, ko gezau.

Ki aiko mini da man shafawarki, ki sa mini albarka. Ni da bokiti kam mun yi sallama.

'Yarki,
Danuta