Wayar Baba a Cikin Tukunya

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da yara. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Maganar ba ta waya ba ce.

Kin ji labarin kamfanin nan da ke sayar wa gwamnati manhajar leƙen wayoyin mutane? Wani ya fasa rumbunsu ya watsa komai a intanet, da manhajar da duk abin da suka naɗa. Ashe ko waya tana ajiye a kan tebur, suna iya mayar da ita kunne. A shagonmu na gyaran waya ba a zancen komai sai wannan. Da wasa na sa lambar Baba, sai ga ta. Tun yana sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙa har ya rasu suna sauraronsa.

Kin tuna tsohuwar tukunyar ƙarfen nan mai hannu ɗaya, wadda yake jefa wayar a ciki ya rufe da zarar ya shigo gida? Mu yi ta dariya, ke kina cewa, "Baba, yau ma miyar waya za a sha?" Shi kuma ya ce ta ɗan ƙara nuna tukuna. Ashe ya san abin da ya taka.

Na sauke abin da suka naɗa, amma ban buɗe ba. Yaya, muryarsa ta fara ɓace mini. Ina tuna tarinsa, ina tuna yadda yake jan takalmi a bakin ƙofa, amma muryar ta ƙi zuwa. Ina so in ji ta ko sau ɗaya ne.

Ki gaida Mama.
Ƙaninki, Auta

*

Auta,

Muna lafiya, da fatan kai ma haka. Rubutunka dai har yau kamar kaza ta yi tono, da ƙyar na karanta.

Kada ka buɗe. Kayan sata ne, kuma ka san abin da ake cewa, abokin ɓarawo ɓarawo ne. Kana tunanin tukunya, ni kuwa ina tunanin watannin jinyarsa. Wayar nan a ɗaki take, ma'aikata suna ta kira suna tambayar jiki. A ɗakin nan Baba ya yi kuka don ciwo. A nan yake riƙe hannun Mama yana mata maganganun da ni kaina nake ɗaukar kwano in fita in ba su wuri. Wani ƙato ya zauna a ofis ya sa abin kunne ya sha labari, yanzu kai ma za ka je ka zauna kusa da shi? Mama tana raye. Rabin sirrin nan nata ne.

Kada ka zaci ni ba na kewarsa. Tukunyar tana saman kabad, ba wanda ke girki da ita. Wani lokaci nakan sauko da ita in goge, in buɗe in rufe don kawai in ji ƙarar murfin.

Ka goge abin nan, ka ci abinci, an ce ka rame.
Yayarka

*

Yaya,

Na gode da gaisuwa, na kuma sha faɗan. Amma ke kina kusa da shi har ƙarshe. Ni ina makaranta kuka ɓoye mini don jarrabawa, ko da na iso an riga an kai shi. Ke kina da abin tunawa, ni sai tari da takalmi.

Kin ce rabin sirrin na Mama ne. Na yarda. To ki tambaye ta. In ta ce a'a, wallahi a ranar zan goge.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Na so in ƙi, amma maganarka ta tsaya mini a rai, don haka na gaya mata tana ninke kaya. Na bayyana mata komai, har da jinyar. Ta ci gaba da ninke kayanta, har na fara da-na-sanin buɗe baki. Can sai na ga tana murmushi.

Ta ce, "Ki ce masa ya buɗe."

Na ce, "Mama, har da na ɗaki fa."

Ta ce, "Ke dai ki ce ya buɗe. Ni na san mijina, na kuma san ɗakina."

Ban gane ba, ba kuma na jin daɗi, amma ita ke da magana. Abin da ka ji ya tsaya tsakaninka da Allah.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ku. Na buɗe.

Akwai tarurruka da yawa, yana daka tsawa a kan albashi. Wannan Sakatare ne, ba Babanmu ba. Na gida kuwa kullum abu ɗaya ne. Za ki ji ƙofa, ki ji takalmin, ki ji mu muna "Baba oyoyo." Sai ya kawo wayar kusa da baki ya ce, "To masu saurare, sannunku da aiki. Yanzu kuma ni na iyalina ne." Sai ƙarar murfi, sai shiru. Shekaru suna sauraron cikin tukunya.

Sai na zo watannin jinya. Muryar tana ta ƙanƙancewa, amma bai fasa yi wa masu sauraren wannan sallamar ba. A na ƙarshe ya fara, "To masu saurare," sai tari ya sarƙe shi. Sai na ji an ɗauki wayar, na ji Mama ta ce, "Ya ce sannunku da aiki. Yanzu na iyalinsa ne." Ta rufe tukunyar.

Na goge sauran, wannan kawai na bari. Ki sauko da tukunyar, ina zuwa ƙarshen mako.

Auta