Motar da Ta Daina Yi wa Baba Magana

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara.

Ranar Talata da safe ina wanke motoci a harabar kamfani, na ga manaja ya miƙa wa Baba hannu, Baba ya ɗora masa makulli. Injin motar da yake tuƙawa ne ya buga a hanya. A gaban kowa manaja ya ce, "Tsoho, inji yana kuka har ya mutu, kana zaune a ciki? Kurumta ce ta kama ka, je ka huta."

Ka san Baba da kunne yake tuƙi. Amma tun da shagonka ya saka wa motocin kamfani na'urar nan, mota ta daina yi masa magana. Na leƙa na gani: ƙananan makirufo a rufi suna sauraron inji, sifika ta saki wata ƙara ta danne tasa, sai a bar maka gurnani mai daɗi. Lafiyayyen inji da mai ciwo, duk murya ɗaya.

Don Allah ka zo ka faɗa wa manaja haka, ya mayar da Baba. In daga bakina ne, maganar mai wanki ce. Yanzu Baba yana sa Inna ta yi masa raɗa daga bakin ƙofa, wai yana gwada kunnensa.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, na samu wasiƙarka, kuma raina ya sosu. Sai dai ka fahimta: na'urar ta yi aikin da aka saka ta dominsa. Akwai fitilu a gaban direba, zamanin tuƙi da kunne ya wuce. Idan na je na ce aikinmu ya ɓoye ciwon inji, kamfani zai sallame mu, ma'aikatana su bi Baba gida. Kuma shekaru sun ja, hutu ba abin kunya ba ne.

Da ina nan da na sa baki, amma ranar na yi tafiya. Zan kai Baba wurin likitan kunne. A gaishe su.

Wassalam,
Yayanka

Yaya,

Salamu alaikum. Kada ka wahala da likita, Baba yana jin tafiyar kyanwa a kan rufi.

Na yi shiru ne ko za ka faɗa da bakinka. Ranar ba ka yi tafiya ba. Ka zo duba sauran motocin, kana bakin get cikin motarka, gilashinka a sauke. Da manaja ya ce kurumta, sai ka ɗaga gilashin a hankali, ka ja da baya. Na'urarka inji take rufe wa baki, Yaya, ba mutum ba.

Ka gaida Anti, Allah ya bar zumunci. In kuma ka ce idona ne ya yi min gizo, mai gadi ya gani, shi ya sake buɗe maka get. Mai facin taya na bakin get ya gani. Baba ma ya gani, shi ya ce kada in gaya wa Inna.

Ƙaninka