Lambar da Ka Rataye a Falo

Zuwa ga Auta,

Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan wasiƙa, kuma kada ka miƙa wa matarka ta karanta maka kana cin abinci kamar yadda ka saba. Da kai nake.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya tarin 'yar ƙaramar? Mu nan sai godiyar Allah.

Na san da kyakkyawar niyya ka tono lambar yabon babanku daga ƙasan akwati, ka goge ta, ka sa mata gilashi, ka kafa ƙusa a falo. Amma ba ka tambayi kowa ba. Halinka ke nan tun kana yaro, sai ka gama abu kake waiwaye.

Ka san teburinsa na gyaran agogo yana bakin tagar falo, inda haske yake. Kwana biyu da tafiyarka ya ja shi zuwa lungun kicin. Mutumin da idonsa ya yi rauni! Kullum ina durƙushe da tsintsiya ina nema masa ƙananan ƙusoshi. Na ce ko zai koma gadi ne a bakin tukunyata, bai ko yi murmushi ba. Baƙi kuwa duk wanda ya shigo sai ya tsaya gaban bango ya ce a kira masa jarumi. Ya fito su gaisa, ya wuni bai ci komai ba.

Ranar Talata na tsare shi. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, sai ranar na ji. Ku dai kun san ya goyo kyaftin ɗinsu ya haye kogi ana ruwan harsashi. Abin da ba mu sani ba, mutum biyu ne kwance da rauni a bakin kogin: kyaftin, da direbansu, Dogo, wanda suke ci a kwano ɗaya da babanku tun farkon yaƙin basasar. Bayan babanku ɗaya ne, mutum ɗaya zai iya goyawa. Umarni ya ce ya ɗauki kyaftin. Ya bar wa Dogo gorar ruwansa, ya ce yanzu zai dawo. Da ya dawo, gorar kawai ya tarar.

Ya ce mini, "Kowa ya dubi bangon nan wanda na ɗauko yake gani. Ni wanda na bari nake gani."

Na hau kujera na sauke lambar. Jiya mun mayar da teburin bakin taga, har ya gyara agogo biyu.

Kada ka bugo waya kana ba da haƙuri, sai ka ƙara masa nauyi. Ka koyi tambaya kafin ka yi wa babba gwaninta. Ka gaishe da matarka da yara.

Daga yau lambar tana cikin adakata, makulli yana hannuna. A gidan nan ba mai kiransa jarumi, ba mai ce masa ya ba jikoki labarin yaƙi. In ya ɗauko zancen da kansa, kowa ya ajiye abin da yake yi, ya saurara, kuma kada a tafa masa.

Ni ce,
Mahaifiyarka