Da Wane Hannu Kike Rubutu?

Litinin, 7 ga Afrilu 2025
An kwance ɗaurin hannuna na dama yau. Na ɗauka zan yi murna. Abin da ya fito daga ciki kamar ba nawa ba: siriri, fata duk ta yi saɓa, yatsu ba sa lanƙwasuwa sosai. Likita ya ce a hankali zai dawo. Tun ranar da na faɗi daga moto, babur ɗina, a bakin gadar Harobanda kowa "a hankali" yake ce mini. Jarrabawar Bak kuwa, ta gama sakandare da ɗalibaina za su zauna, ba ruwanta da a hankali. Wannan ɗan rubutun ma sai da na huta a tsakani.

Laraba, 9 ga Afrilu
Direktan lakwal ɗin da nake koyarwa, Mushe Salisu (Malam Salisu ke nan da Faransanci), ya zo dubiya har unguwarmu Talladjé, da lemo da wata jaka baƙa. Tun da na ga jakar na san ba dubiya ce kaɗai ba. Ordinata ce, kwamfuta irin wadda ake ɓalle fuskarta ta zama tablet, da alƙalaminta.

"Madam Zalika, ki riƙa zana darussan daga gida, muna tura wa yara. In wata ya ƙare hannun bai yarda ba, to, sai Mushe Faisal ya ƙarasa da 'yan ajin ƙarshen nan, Terminal."

Ya faɗa a tausashe, yana kallon tabarma. Yaran nan ni na ɗauko su tun daga ajin Segond, shekara ta uku ke nan. Faisal mutumin kirki ne, amma an turo mini hoton zuciyar da ya zana musu a allo, wallahi na ɗauka mangwaro ne.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Na kunna ta. Wajen saita alƙalamin sai ga tambaya da Faransanci: da wane hannu kike rubutu? Na danna dama, na wuce.

Ashe abin santsi ne, kamar rubutu a kan faranti mai maiƙo. Alli yana kama allo, ka ji shi a yatsu. Wannan kuwa gudu yake yi ya bar ni. Wuyan hannun ba ya iya tsayuwa, sai ya zube a gilashin, layi ya karkace. In goge, in sake, in goge. Ƙoda nake so in zana. Na yini, ban samu ko rabinta ba.

Asabar, 12 ga Afrilu
Zafi, ba wuta. Batir ya mutu, ni ma kusan haka.

Litinin, 14 ga Afrilu
Hafsat, shugabar ajin, ta aiko saƙon murya. A bayanta ana ta hayaniya, wani yana cewa a gaishe da Madam. "Madam, yaushe za ki dawo? Ƙodar nan ba mu gane komai ba." Na saurara har na gaji. Me zan ce mata?

Laraba, 16 ga Afrilu
Hannun ya kumbura, na matsa masa da yawa. Da la'asar alƙalamin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera, na ɗauko shi da hagu. Ban san lokacin da na ɗora shi a gilashin ba. Layi ɗaya na ja, ya lanƙwasa sumul, ya tsaya daidai inda nake so.

Abin da na fara yi shi ne kallon ƙofa. Mace mai furfura, a ɗakinta, tana waige kamar ta saci nama a tukunya.

Bahaguwa aka haife ni. A Tahoua, Inna takan ɗaure mini hagun da gefen zane a ƙugu in za a ci abinci ko in zan yi aikin lakwal. Malaminmu na aji ɗaya shi kuma da rula yake nasa gyaran. Sun yi nasara, har na manta. Yanzu Innar tana tsakar gida tana tsince zogale, tun rasuwar Baba wurina take. Na goge layin.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Na rufe ƙofa na sake gwadawa. Haruffan kamar na ɗan aji biyu, amma zanen... ban san me zan ce ba. Haushi ma ya ba ni.

Juma'a, 18 ga Afrilu
Inna ta shigo da kunu ba sallama, ta same ni dumu-dumu.

"Zalika, mi nika gani? Da hagu?"

Na ce na ɗan lokaci ne.

"Karatun ɗiyan mutane za ki yi ma da hannun shiga makewayi? Duk wahalad da munka sha a kanki?"

Gajiya ce ta yi magana, ba ni ba. Na ce, "Inna, wanda kuka bar mini ai shi ne ya karye."

Ta ajiye kofin a hankali ta fita. Tuwon yamma ko taɓa shi ba ta yi ba. Na ji kunyar kaina, kuma har yanzu ina jin zafin abin. Duka biyun.

Lahadi, 20 ga Afrilu
Na koma dama don a zauna lafiya. Na gama ƙodar da hawaye, na tura wa Direkta. Ya amsa da ladabi: "Madam, kin yi ƙoƙari, Allah ya ƙara sauƙi." Bai tura wa yara ba. Ni ma da ni ce ba zan tura ba.

Litinin, 21 ga Afrilu
Inna tana amsa gaisuwa, shi ke nan. Gidan ya yi mini girma.

Talata, 22 ga Afrilu
Na shiga wajen saiti na nemo tambayar nan. Na daɗe ina kallonta. Tun da nake, babu wanda ya taɓa yi mini ita, ba uwa ba, ba malami ba, sai wannan gilashin da bai san ni ba. Na danna hagu. Ba abin da ya faru, ƙananan akwatunan zaɓi ne kawai suka koma ɗaya gefen don kada hannuna ya rufe su.

Na zana ƙodar daga farko, da jijiyoyinta ja da shuɗi, da 'yan bututun ciki masu murɗewa. Ƙofa a buɗe take, saboda zafi. Inna ta wuce da buta, ta dawo, ta sake wucewa. Ban ɗaga kai ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu
Direkta ya ga zanen da na tura, ya kira da kansa. "Madam, wannan ai kamar na littafi! Hannu ya warke ke nan? Litinin ki dawo ajinki." Na ce to. Ban gyara masa ba.

Sai da na ajiye wayar na tuna a aji babu gilashi. Allo ne, da alli, da idanun yara cike da ɗaki. Hannun dama ba zai kai ko minti biyar a sama ba.

Asabar, 26 ga Afrilu
Ban yi komai ba. Na wanke hijabi, na kwanta.

Lahadi, 27 ga Afrilu
Bayan la'asar Inna ta kira ni tabarma, da gwangwanin man kaɗe a gabanta. Ta kama na dama ta murza shi yatsa-yatsa, tana faɗan wai likitocin yanzu ba su iya ɗori ba. Da ta gama na yunƙura zan tashi.

"Ina za ki? Miƙo wancan."

Na tsaya ina kallonta. Ita kuwa gwangwanin take kallo.

"Miƙo mana. Shi na ga yana ta aiki."

Na miƙa. Ta daɗe a kansa fiye da ɗan'uwansa, har man ya bi gwiwar hannu. 

Ban yanke shawarar komai game da gobe ba. Na dai sa alli a jaka, a aljihun hagu. Nan ne ya fi kusa.