Zobba Bakwai a Ƙahon Malama Karsana

Manawashi, Gombe
Litinin, 1 ga Yuni, 2015

Zuwa ga Suwaibatu, sanyin ruwan farko bayan zafin bazarar Gombe, ƙamshin ƙasa idan an ɗauke ruwa, inuwar tsamiya ga wanda ya turo babur tun daga shingen sojoji, kindirmon safe da cokali bai taɓa fuskarsa ba. Na so in ƙara da sunan wata kyakkyawar halitta, amma na yi wa kaina alkawari: a wannan makon ba zan kamanta ki da komai mai ƙafa huɗu ba.

Bayan gaisuwa irin ta mai laifi, ina fatan kina lafiya, da Baffa, da Dada, da shanu baki ɗaya.

Yau kwana tara ke nan ba ki fito ba. Kwana tara ina zuwa Gabukka bayan la'asar, ina zama a kan dakalin ƙofar gidanku har kajin unguwa sun daina kauce mini. Shekaran jiya kuma yayanki Hamma Bappayo ya miƙo mini ambulan, ya ce kin ce a faɗa wa kawunnaina kada su wahalar da kansu ranar Asabar. Suwaiba, Asabar ɗin da muka shekara muna jira? Asabar ɗin da Kawu Shu'aibu ya riga ya sayi goronta a Funtuwa, ya ba da babbar rigarsa wanki? Baffa ya ce magana tana hannunki. Kawu kuwa sai ya ji daga gare ni ranar Alhamis kafin ya kama hanya, don kin san yadda tafiya ta zama, shinge bayan shinge. Saura mini kwana uku da wannan takarda. Ki karanta ta har ƙarshe, ko da a tsaye ne, ko da da hannu ɗaya a ƙugu.

Bari in faro daga tushe, don ba ki taɓa bari na gama bayani ba.

Kin san ajina. Yara sittin da uku, kusan rabinsu waɗanda gudu ya kawo daga Gwoza da Damboa. Da suka zo, in na zana mutum a allo sai wasu su sunkuyar da kai, ko da mutumin manomi ne riƙe da fartanya. Wata yarinya, Ladi, ta yi wata biyu ban ji muryarta ba. Rannan na zana akuya sanye da ɗankwali tana sayar da ƙosai. Ladi ta yi dariya har ta faɗo daga benci. Daga ranar na ɗauki niyyar yi musu littafin karatu wanda duk mutanen cikinsa dabbobi ne: kura direban tasi, bushiya tela, agwagwa mai awo. Amma garin yana bukatar malama, wadda yara za su gani su ji hankalinsu ya kwanta. Wa zan duba in ba ke ba?

To, mai zane ba ya fara littafi haka kawai. Kowace halitta sai an yi mata takardar siffa: a zana ta ta gaba, ta gefe, ta baya, tana tsaye, tana tafiya, tana zaune, sannan a jera ƙananan akwatuna a ƙasa, kowanne da fuskarsa, ta dariya, ta kunya, ta mamaki, ta fushi. Ana yin haka ne don kada malamar shafi na uku ta zama wata dabam a shafi na goma. Wata huɗu na yi ina tattara ki kaɗan-kaɗan. Yadda kike karkata kai idan ba ki yarda da magana ba. Yadda kike riƙe gefen mayafi da yatsu biyu. Ranar da ruwa ya tare mu a zaure, kika miƙa tafin hannu kina tarar ɗigon indararo kina dariya, ranar na samu akwatin farko. Na koma gida jiƙe sharkaf, amma takardar tana cikin rigata a bushe.

Me ya sa saniya? Wannan ita ce tambayar da kika jefe ni da ita. Haba, hasken idona! Ni da na ji Baffa yana kiran shanunsa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da muryar da bai taɓa kiran Hamma Bappayo da ita ba? Ni da na ga Dada ta ƙi cin abinci ranar da aka sayar da jar nan? Na ce a raina, a gidan nan babu yabon da ya wuce wannan. Barewa ta masu waƙa ce, kowa ya samu budurwa sai ya ce barewa. Ni farar karsana na zaɓa, mai dogon wuya, mai idon da ya fi tafkin damina natsuwa. Na sa mata suna Malama Karsana. Na ɗaura mata atamfarki mai ganye, na ba ta wushiryarki.

Ƙaho ne ya kashe ni.

Ni ɗan 'yan tireda ne, a cikin shago na girma, tsakanin sabulu da ashana. Ban taɓa tsayawa na kalli ƙahon saniya da idon mai zane ba. Na ɗauki littafina na tafi kara, kasuwar shanu, don in duba na gaske. Ko layi uku ban ja ba sai na ji hannu a wuyan rigata. 'Yan banga ne. A wannan zamani, mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana kallon hagu da dama yana rubutu! Suka ce taswirar me nake ɗauka. Na buɗe musu littafi, suka ci karo da kura tana tuƙin tasi. Aka taru ana juya ta sama da ƙasa ana neman inda na ɓoye ma'anar. Da ba don wani mahaifin ɗalibina ya shaide ni ba, da yanzu daga wani wuri nake rubuto miki. Suka sake ni da sharaɗin kada a sake ganina da fensir kusa da dabbar kowa.

Shi ne na je wurin Rufa'i mahauci, na ce ya samo mini ƙahon saniya mafi kyau da ya taɓa ratsa hannunsa. Ya kawo wani dogo, mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, da wasu zobba a gindinsa a jere, sai ka ce awarwaro. Na ƙirga, bakwai. Na ce Allah mai ado! Na kwana biyu ina kwafe su ɗaya bayan ɗaya, ta gaba, ta gefe, ta baya. Har inuwa na sa musu don su fito sosai. Rufa'i bai faɗa mini ma'anarsu ba. Daga baya da na je masa da kuka, cewa ya yi ai ƙaho mai kyau na tambaya, ban tambayi shekarun mai shi ba.

Sauran kin sani, amma bari ki ji yadda ya kasance daga inda nake zaune. Na miƙa miki takardar, kika warware ta a kan gwiwarki, na ga gefen bakinki ya fara motsi. Wallahi kin so ta, Suwaiba, kada ki musa. Na ga murmushin yana tahowa kamar hadarin gabas. Sai ga Baffa ya dawo daga masallaci, ya ce a ba shi ya gani. Ya nisanta takardar daga idonsa, ya yaba wuya, ya yaba tozo. Ya ce saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, saboda haka wannan wushiryar ba ta saniya ba ce, ya san mai ita. Sannan ya ɗora yatsa a gindin ƙaho, na ga leɓɓansa suna ƙirga.

"Malam Mu'azzam," in ji shi, "wannan ba karsana ba ce. Kowane zobe haihuwa ɗaya ne. Wannan ta haifi bakwai. Guzuma ce."

Ban taɓa sanin Hamma Bappayo yana da dariya haka ba. Sai da ya dafa bango. Kafin in buɗe baki labari ya shiga cikin gida, na jiyo Dada tana tambaya wai jikokin nata bakwai ina aka kai su, ba a kawo mata ko ɗaya ta goya ba.

Nan ne na yi babban laifin, wanda ba na Rufa'i ba ne, ba na 'yan banga ba, nawa ne ni kaɗai. Kika miƙe tsaye. Hannu ya tafi ƙugu, gira ta haɗe, hancin nan ya buɗe, ido ya kawo wuta. Wata huɗu akwatin fushi yana zaune fari fat a takardata, domin ba ki taɓa yi mini fushi ba. Ya zan yi? Ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba. Na dawo hayyacina ne na tarar da fensir yana gudu a bayan ambulan, bakina kuma yana cewa ki ɗan tsaya haka, kada ki motsa.

Na sani. Duk wanda na ba labarin nan, a daidai nan yake rufe fuska. Ernest, malamin lissafinmu, cewa ya yi ko a garinsu, inda ba su san shanu ba, wannan ya isa a kori mutum. Ba ni da hujja. Sai dai in ce, kuma ki yafe mini faɗar, ban taɓa ganin abu mai kyau kamar fushin nan ba. Tsawa ce da walƙiya a kan gonar da ta sha ruwa. Amma gara in shekara ban ga walƙiya ba da in sake zama sanadinta.

Ga abin da na yi da kwanakin nan. Na je na durƙusa gaban Baffa na ce ya sa ni a aji. Asuba uku ina bin Hamma Bappayo zuwa garke kafin in wuce makaranta. An nuna mini karsana ta gaske, ƙahonta sumul kamar an shafa mai. An nuna mini mai ɗa ɗaya, da mai uku. Wata baƙa ta taka mini ƙafa, ta tsaya a kai tana tuƙa, ba ta da niyyar sauka. Wata ta cinye rabin takardar bushiya tela. Yanzu ko daga nesa na hango saniya, sai na ƙirga mata 'ya'ya kafin in gaida mai ita. Baffa ya ce da an fara da ni tun ina yaro, da wataƙila an samu makiyayin awaki.

A garken ne kuma na ga kaina. Akwai wani tsuntsu fari, siriri, mai dogayen ƙafafu kamar tsinken tsire, wanda ba shi da aiki sai bin saniya. Ta yi gaba, ya yi gaba. Ta tsaya, ya tsaya yana gyara wuya kamar mai shirin jawabi. Ta kaɗa masa jela, ya yi tsalle ɗaya ya dawo. Belbela. Na yi masa takardar siffa, za ki same ta a cikin ambulan ɗin nan: ta gaba, ta gefe, ta baya, da tabarauna, da wandona da ya ɗage, da ƙafa ɗaya a naɗe da bandeji. Na nuna wa 'yan aji ban faɗi ko wane ne ba. Ladi ce ta fara ɗaga hannu ta ce Malam ne. Ki nuna wa Dada, ki nuna wa duk Gabukka, a manna a ƙofar zaure in kin so. Akwatunan fuskarsa shida ne, kuma duk shidan nadama ce.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ba ni ƙarfin ɗaukar biro. Da Hamma Bappayo ya kawo ambulan, na ɗauka a yage zan tarar da Malama Karsana. Na buɗe. Ba ki yaga ta ba. An bi zobban nan da reza an kankare su a hankali, ta gaba, ta gefe, har ta baya, duka ashirin da ɗaya a kowane ƙaho, ba a huda takardar ko sau ɗaya ba. An kuma ɗan rage faɗin ƙugu da shuɗin biro. Suwaiba, shekarata takwas ina koyarwa. Na san yadda malami yake yi da aikin da ya fid da rai a kansa: ja masa layi yake yi ya wuce. Wanda aka zauna aka yi wa gyara layi-layi, ana nufin ya sake ya kawo ne.

To ga shi na sake, na kawo. Ƙaho sumul, ƙugu yadda kika yanke. Akwatin fushi na shafe shi, na ƙona bayan ambulan ɗin. A wurinsa akwai akwati ɗaya fari, wanda ba zan iya cikawa da ka ba, don ban taɓa ganin fuskarki a lokacin da kike yafe wa wawa ba. Laraba bayan la'asar zan zo dakali. Zan ba Hamma Bappayo fensirina ya riƙe tun daga bakin layi, ya caje ni kamar a shinge. Ki fito ko da minti ɗaya ne. Da ido kawai zan ɗauka, in buga wa Kawu Shu'aibu waya ya karɓo rigarsa.

Ƙahon Rufa'i kuwa ban jefar ba, kuma kada ki yi fushi, don ba ni da sauran akwatin sa shi. Na naɗe shi na ajiye a ƙasan akwatina. Idan Allah ya ja kwana, wata rana zobban za su zama gaskiya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da ranar sunansa. Wuya zai yi taushi, tafiya za ta ragu. Ranar ki waiwaya. Za ki ga wani tsohon tsuntsu, gashinsa ya zube, tabarau ya kai ƙarshen hanci, yana ɗingishi da ƙafar da baƙar saniya ta taka, yana nan a bayanki taku biyu.

Naki a duk inda kika sa ƙafa, ta gaba, ta gefe, ta baya,

Mu'azzam Inuwa
Belbelan Malama